Daƙiƙa nawa ya kamata ƙarfe ya yi tsakanin sama da ƙasa?

Mannir Daura: Assalamu alaikum. Koci Lawal da sauran manyanmu, tambaya gare ni. A takardun tsarin atisaye ana rubuta lambobi huɗu a gaban kowane motsi, kamar 3-1-1-0 ko 2-0-X-0. Mi suke nufi? Sannan mai son tsoka ta cika, a hankali zai riƙa ɗagawa ko da sauri? A wurin ɗaga ƙarfe kowa da abin da yake faɗi.

Koci Lawal K/Kaura: Wa alaikumus salam, Mannir. Lambobin nan daƙiƙoƙi ne. Shi ake kira tempo, mu ce takun ɗagawa. Ta farko lokacin saukewa ce, sa'adda tsoka ke miƙewa tana riƙe da nauyi. Ta biyu tsayawa a ƙasa, ta uku ɗagawa, ta huɗu tsayawa a sama kafin a sake sauka.

Ɗauki benci da 3-1-1-0. Ƙarfe zai yi daƙiƙa 3 kafin ya iso ƙirjinka, ya zauna daƙiƙa 1 a kan ƙirjin ba tare da ka saki jiki ba, ka tura shi sama cikin daƙiƙa 1, kana isa ka juyo. X kuwa cewa aka yi ka tura da iyakar saurinka. Ian King na Ostireliya da Charles Poliquin na Kanada ne suka yaɗa irin wannan rubutu tsakanin masu horarwa.

Inda yara ke rikicewa: lamba ta farko kullum saukewa ce, ko da motsin da ɗagawa yake farawa. In kana jan jikinka a sandar sama, ko kana lanƙwasa dambel don damtse, da lamba ta uku za ka fara, kana dawowa ka yi ta farko. Wanda bai san haka ba sai ya kwashe daƙiƙa 3 yana jan jiki sama sannan ya faɗo tim, ya yi abin a juye ke nan.

Sada K/Marusa: Koci ya warware lambobin. Tambaya ta biyu kuma, a hankali ya fi. Tsoka ba ta san kilo ba, tsawon lokacin da ta yi a ɗaure ta sani. Zubi ɗaya, wato jerin ɗagawar da ake yi kafin a huta, ya kamata ya ɗauki daƙiƙa 40 zuwa 70. Ka lissafa: 3-1-1-0 daƙiƙa 5 ne, sau 10 ya zama 50, ka faɗa cikin ma'aunin. Mai yin 1-0-1-0 sau 10 daƙiƙa 20 kacal ya yi. Wanda ya rage sauri sosai tun ɗagawa ta shida zai ji tsoka na ƙuna kamar an zuba barkono.

Kabir Layout: Yaya Sada, ƙunar nan ba ita ce ma'aunin girma ba. Ka miƙa hannu babu komai a ciki ka riƙe minti uku, kafaɗa za ta yi ƙuna, amma ba za ta ƙaru ba.

A 2015 Brad Schoenfeld da abokan aikinsa biyu sun tattara binciken da aka yi a kan wannan tambaya suka auna su tare. Abin da ya fito: ɗagawa ɗaya da ke ɗaukar daga rabin daƙiƙa har zuwa daƙiƙa 8, girman tsokar da ake samu kusan ɗaya ne, muddin an kai zubin kusa da gazawa, wato inda ba za a iya ƙara ko ɗaya ba. Wanda ya wuce daƙiƙa 10 a ɗagawa ɗaya shi ne aka ga alamar yana baya. To ka ga fili ne mai faɗi. Mai 2-0-1-0 da mai 3-1-2-0 duk suna ciki.

Dalilin kuwa a yadda jiki ke kiran zaren tsoka yake. Ƙanana yake fara tasowa, masu juriya. Manya, waɗanda suka fi saurin kumbura, ba ya kiran su sai nauyi ya yi yawa, ko an yi yunƙurin sauri, ko ƙananan sun gaji. In ka ce sai a hankali ƙwarai, dole ka rage faranti. Wanda ke tura kilo 60 sau 10 a benci, ka ce ya yi daƙiƙa 10 sama 10 ƙasa, ba zai taɓa 60 ɗin ba. Numfashi da ƙuna za su tsayar da shi kafin manyan zaren su yi aikin kirki. Salon nan na 10 sama da ake kira SuperSlow, Ken Hutchins ya fito da shi a Amurka farkon shekarun 1980, kuma a wani aiki da aka yi da tsofaffin mata masu raunin ƙashi ya samo asali. An yi shi don kada a ji ciwo. Matashi lafiyayye mai neman ƙwanji bai buƙatar ya je can.

Sada K/Marusa: Ban ce 10 da 10 ba, Kabir. Amma ka tsaya bakin kowane benci da yamma ka kalla. Yaro zai sako ƙarfe ya daki ƙashin ƙirji har ka ji dum, ƙarfen ya yi tsalle, ɗuwawu ya bar benci, ƙafa ɗaya na lilo. Ya ƙirga goma, amma ƙirjinsa bai yi aikin huɗu ba. Irin wannan in ka ce masa rabin daƙiƙa ma daidai ne, ka ba shi lasisin karya kansa.

Koci Lawal K/Kaura: Ku biyun kowa ya riƙe gefe ɗaya na gaskiya. Waɗanda ake yin bincike da su akwai mai tsaye a kansu yana gyara su, ba sa wurgi da ƙarfe. Don haka maganar Kabir tana nan, amma ga wanda ya riga ya iya riƙe nauyi. Sharaɗin shi ne kai ke saukar da ƙarfe, ba shi ke saukar da kai ba. Gwajin mai sauƙi ne: in aka ce maka tsaya a tsakiyar sauka, za ka iya tsayawa cak? In ba za ka iya ba, ko saurin ya yi yawa ko nauyin.

Abin da nake ganin ya dace da mafi yawan mutane: saukewa daƙiƙa 2 zuwa 3, ɗagawa da ƙarfi kamar kana son ta yi sauri. Ka lura, niyyar sauri na ce. Da nauyin da kake iya ɗagawa sau 8 zuwa 12, ko ka tura da duk ƙarfinka ƙarfen ba zai yi gudu ba. Na farko zai tafi cikin daƙiƙa 1, na tara ya ɗauki 2, na ƙarshe ya tsaya a tsakiya yana rawa kafin ya wuce. Wannan jinkirin da ya zo da kansa shi ake nema, shi ke nuna ka kusa gazawa. Jinkirin da ka ƙirƙira tun ɗagawa ta farko ba ɗaya suke ba. Ka ajiye ƙarfe saura ɗaya zuwa uku a jikinka, musamman a sikwat (tsugunnawa da tashi da nauyi) da benci in babu mai tsaya maka.

Mannir Daura: Koci, to don mi saukewa ta fi samun daƙiƙoƙi? Ai a ɗagawa ake shan wahala.

Malama Hadiza Fisiyo: Ƙanena, bari in shigo nan. Tsoka ta fi ƙarfi wajen riƙe nauyi yana sauka, da kimanin kashi 40 cikin 100 a kan ƙarfinta na ɗagawa. Shi ya sa saukewar ke zuwa da sauƙi har mutum ya raina ta ya sake ta. Amma rabin aikin a nan yake, kuma a nan tsoka ke ɗaukar nauyi tana miƙe, wanda yana cikin abubuwan da suka fi sa ta girma. Wanda ya saki ƙarfe ya faɗo ya zubar da rabin kowace ɗagawa, sannan gaɓa da jijiya ne ke tare bugun a ƙasa.

Sai dai akwai farashi. Ciwon jikin da ke zuwa bayan atisaye, wanda ke kai ƙarshen zafinsa tsakanin awa 24 zuwa 72, yawancinsa daga saukewa yake. Jiki na sabawa: in an maimaita motsin bayan sati, ciwon ba ya kai na farko. Don haka sabon shiga, ko wanda ya yi wata biyu bai taɓa ƙarfe ba, ya fara da zubi 2 kawai a kowane motsi, kada ya kai gazawa a satin farko.

Abin da nake so kowa ya riƙe: a watan Afrilu da Mayu zafin Katsina na haura digiri 40. Mutum bai saba ba, bai sha ruwa ba, a sa shi saukewa a hankali sau ɗari a rana ɗaya. Tsoka na iya farfashewa, abin da ke cikinta ya zuba a jini ya toshe ƙoda. Alamunsa: kumburin da ya wuce misali, hannu ya ƙi miƙewa, fitsari ya koma kalar shayi mai kauri, ko ya ragu. Wanda ya ga haka asibiti zai nufa a ranar, kada ya tsaya shan maganin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, ƙara wa ƙoda nauyi suke yi. Masu jinin AS sun fi shiga wannan haɗari, su kula da ruwa da hutu tsakanin zubi.

Bishir Walda: Allah shi saka, Malama. Ni ta gefen kayan aiki zan yi magana. Yawancin masu ɗaga ƙarfe a unguwanni ba sandar kilo 20 mai farantai gare su ba. Siminti ne aka zuba cikin galan na fenti aka soka bututu. Galan mai lita 4 in an cika shi da kankare yana yin kilo 9 zuwa 10, bokiti mai lita 20 kuwa ya haura kilo 40. Tsakanin wanga da wancan babu tsani. Mai faranti zai ƙara kilo 2.5 ya ci gaba, mai siminti ba shi da wannan. To ya zai yi in nauyin ya yi mashi kaɗan?

Kafin a amsa, shawara ɗaya: a kai kowane gefe sikelin mai sayar da gas a auna. Ana samun gefe ɗaya ya fi ɗaya da kilo guda ko biyu, saboda tsakuwar da aka zuba ba daidai take ba. Da sauri ba a ji, amma ana rage sauri za ka ga sandar ta karkata. Kuma a walda ƙusa ko guntun rodi a ƙarshen bututun kafin a zuba kankare, in ba haka ba wata rana simintin zai zame.

Koci Lawal K/Kaura: Malam Bishir, nan ne taku ya fi amfani. In nauyi ba ya ƙaruwa, sai a ƙara wahalar kowace ɗagawa, amma bi da bi.

A ce mutum na tura siminti mai kilo 40 sau 12 da 2-0-1-0, kuma ya fara yi masa sauƙi. Ya fara ƙara yawan ɗagawa har 20, domin nauyi mara yawa ma yana gina tsoka in an kai kusa da gazawa. Ya kai 20, sai ya koma 3-1-1-0. Tsayawar daƙiƙa ɗayan nan kaɗai za ta mayar da shi wajen 12 ko 13. Ya sake hawa zuwa 20. Daga nan 4-2-1-0, ko ɗaya da rabi: ya sauka ƙasa, ya taso rabi, ya koma ƙasa, sannan ya tashi gaba ɗaya, a ƙirga ɗaya. A ƙafa kuma ya koma ƙafa ɗaya, ɗayar a kan benci a baya, jarka mai lita 25 cike da ruwa a rungume, kilo 25 ke nan. In ya wuce sau 30 da duk wannan, taku ya gama aikinsa, sai a zuba sabon siminti.

Kuskuren da ake yi: a canza taku da nauyi da yawan ɗagawa duk a sati ɗaya, sai a kasa gane ko an ci gaba. A riƙe taku ɗaya sati 4 zuwa 6, a rubuta a littafi. Kilo 40 sau 12 da tsalle a ƙirji, da kilo 40 sau 12 da tsayawa, mutum biyu ne daban.

Kabir Layout: Tsayawar ƙasan nan ta cancanci bayani. Tsoka da jijiya kamar robar danƙo suke: ka ja ka saki nan take, za su taimaka maka da wani ƙarfi kyauta. In ka tsaya daƙiƙa 1 zuwa 2, yawancin wannan taimako ya tafi, tsoka ce za ta tayar da nauyin daga tsaye. Shi ya sa a gasar benci doka ce ƙarfe ya tsaya cak a ƙirji kafin a tura. 'Yan Najeriya masu buƙata ta musamman da ke ciyo zinare a gasar Paralympics, irin su Lucy Ejike, da wannan ƙa'ida suke ɗagawa.

Inda ta fi aiki shi ne sharaɓa. Agara babbar roba ce, mutum zai iya yin tsalle-tsalle a kan yatsu sau 50 sharaɓar ba ta yi wani abin kirki ba. Ka tsaya a bakin dakali, diddige ya sauka ƙasa sosai, ka riƙe daƙiƙa 2, ka tashi, ka riƙe 1 a sama. 2-2-1-1. Sau 12 zai ishe ka.

Sada K/Marusa: A nan mun haɗu. To amma kada a ɗauka taku ɗaya zai shiga kowane motsi. Ɗaga ƙarfe daga ƙasa da nauyi mai yawa, ba a saukar da shi daƙiƙa 4, gadon baya ne zai gaji ya lanƙwashe. A sauke cikin 1 zuwa 2 da iko, a bar shi ya zauna a ƙasa, a sake ɗaure ciki, a ɗaga. Wanda ake yi da gwiwa a ɗan lanƙwashe don bayan cinya, shi ke son 3 a sauka, sandar na gogar cinya, ƙugu na tafiya baya. Sikwat 2 ko 3 a sauka, kada a faɗa ramin ƙasa a dogara da tsallen gwiwa. Ɗaga dambel gefe don kafaɗa kuwa, in sai ka yi lilo da ƙugu yake tashi, ka rage: kilo 5 da 2-0-1-1 ya fi kilo 12 da wurgi. Damtse ma haka, ka jingina bayanka da bango, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, za ka san nauyinka na gaskiya.

Aliyu Sabuwar Unguwa: Yayyena, 'yan ƙwallo da 'yan dambe fa? Ana cewa ɗagawa a hankali na sa mutum nauyin jiki.

Koci Lawal K/Kaura: Aliyu, jiki na ƙwarewa a kan abin da aka saba masa. Ɗan wasa ɗagawarsa X ce kullum. Don ƙarfin bugu da tashi: nauyi matsakaici, sau 3 zuwa 5, hutun minti 2 zuwa 3, kuma da zarar saurin ya fara raguwa a ajiye. Wannan ya saɓa da na mai gina tsoka, wanda ke ci gaba har ƙarfe ya yi jinkiri. Saukewa a hankali kuma tana da wurinta ko a ƙwallo. Akwai motsin da ake durƙusawa, wani ya danne maka diddige, ka riƙa faɗuwa gaba a hankali kana riƙewa da bayan cinya, daƙiƙa 3 zuwa 5, ka tare da hannu. Yana cikin shirin ɗumama jiki na FIFA 11+, kuma yana rage yagewar bayan cinya. A fara da sau 3 zuwa 5 kawai, ciwonsa na kwana uku ba wasa ba ne.

Malama Hadiza Fisiyo: Akwai inda jinkiri a duka ɓangarorin yake magani. Mai ciwon jijiyar ƙasan ƙoƙon gwiwa, ana sa shi sikwat ko tura ƙafa da nauyi, daƙiƙa 3 ƙasa 3 sama, sau uku a sati har sati 12, ana ƙara nauyi sannu a hankali. A Denmak aka gwada wannan tsari. Na agara kuma akwai na likita Alfredson na Suwidin, tun 1998: a tashi da ƙafa biyu, a sauka da mai ciwon ita kaɗai, zubi 3 na sau 15 gwiwa a miƙe, 3 kuma a lanƙwashe, safe da yamma. Jijiya ba ta son fizga, kuma ta fi tsoka jinkirin sabawa. Amma a bari a duba mutum tukuna, ba kowane ciwon gwiwa ne na jijiya ba.

Sai numfashi. A ja iska kafin a fara sauka, a ɗaure ciki, a fitar bayan an wuce wuri mai wuya a ɗagawa. Matsalar dogon taku ita ce mutum ya riƙe numfashi daƙiƙa 7 ko 8, jini ya hau, yana ajiye ƙarfe jiri ya kwashe shi. In ɗagawa ɗaya ta wuce daƙiƙa 5, a riƙa sakin iska kaɗan-kaɗan ta baki. Mai hawan jini kada ya riƙe numfashi sam, kuma ya ga likitansa kafin ya fara. Iyayenmu da suka haura 60 kuwa, tashi daga kujera ya ishe su farawa: su zauna cikin daƙiƙa 3, su miƙe da hanzari, kujerar jingine da bango. Saurin tashi na riga ƙarfi gushewa da tsufa, shi ya sa ake so su riƙa motsa shi.

Mannir Daura: Na gode ƙwarai. Saura ƙirgan. In ana ƙirga daƙiƙa da ƙirga ɗagawa lokaci ɗaya ai lissafi zai ɓace.

Kabir Layout: Yana ɓacewa, kuma kusan kowa ƙirgansa na gudu in nauyi ya hau kansa. Ukun da yake faɗa a zuci ba ta kai daƙiƙa biyu ba. Ka jingina waya da bulo ta ɗauke ka ta gefe, zubi ɗaya. Ka duba lokacin da ka fara da lokacin da ka gama, ka raba da yawan ɗagawa. Sau 10 cikin daƙiƙa 22, ka san 2 kake yi, ba 4 da kake zato ba. Ko ka sa manhajar da ke bugawa kamar agogo a kan 60 a minti, kowane ƙas daƙiƙa ɗaya. Sati biyu zuwa uku jiki zai haddace, sai ka daina ƙirga daƙiƙa, ka bar hankalinka a kan motsin.

Bishir Walda: Mai tsaya maka ma shina iya riƙe lissafin ɗagawa, kai ka ji da saukewa. Amma ya cire hannu daga sandar. Wasu tun ta uku yatsunsu na ƙarƙashi suna tayawa, sai takun ya lalace kuma ba a san wa ya ɗaga ba.

Koci Lawal K/Kaura: Mannir, ga abin da za ka fara da shi ranar Asabar. Benci da sikwat 3-1-1-0, zubi 3 na sau 8 zuwa 10, ka rage kusan kashi 10 zuwa 15 cikin 100 daga nauyin da ka saba, hutu minti 2. Jan jiki a sanda 2-0-1-1, in ba ka kai sau 5 ba ka taka benci ka hau, ka sauko cikin daƙiƙa 4, sau 4 ko 5. Damtse da kafaɗa 2-0-1-1, sau 12 zuwa 15, hutu minti 1. Duk ranar da ka cika adadin sama a zubi ukun ba tare da takun ya karye ba, ka ƙara kilo 2.5. Ka turo bidiyon benci ta gefe mu ga inda ƙarfen ke sauka a ƙirjinka.

Mannir Daura: In sha Allah, Koci. Da asuba zan yi kafin rana ta ɗaga. A sikwat ɗin tsayawar a can ƙasa ce, ko daidai inda cinya ta kwanta?

Koci Lawal K/Kaura: Iya inda kake kaiwa diddige bai ɗaga ba, baya bai lanƙwashe ba. Nan za ka tsaya, ciki a ɗaure, kada ka zauna a kan sharaɓarka ka huta.